INUWA TA FARA TSADA A JALINGO

Duk wanda ya taɓa yin bazara a Jalingo ba sai an gaya masa zafin ranar ƙasar Muri ba. A watan Maris da Afrilu zafi kan tasam ma digiri 40, ƙasa ta ɗau wuta, har mai takalmi ma sai ya yi sauri. Mu da ke zaune a Kurmi, ko Agege, ko Sabon Badun, ko Fatakwal, zufa ce ke damunmu. Su kuwa can gida rana ce tsirararta.

Garin nan Sarkin Muri Muhammadu Nya ya kafa shi wajen 1893, bayan yaƙin Kona. Ya daɗe yana ɗan madaidaicin gari mai yalwar itatuwa, har ran 27 ga Agusta, 1991, da aka yanke Jihar Taraba daga Gongola aka mai da shi babban birni. Tun daga nan gine-gine suka yi ta tashi, tituna suka faɗaɗa, filaye suka zama shaguna. Ci gaba ne, ba musu. Amma fa sau da yawa mangwaro da darbejiyar ƙofar gida su ne suka biya kuɗinsa.

To, itacen ƙofar gida ba itace ba ne kawai. A gindinsa dattawa ke zama, a nan ake haƙa gurabe 30 na dara, kowa ya riƙe 'ya'yansa 12, ana wasa ana raha har a kira Magariba. A nan ake sasanta maƙwabta, a nan ake jin wanda ba shi da lafiya. Ran da aka sare shi, majalisa ta watse, tsoho ya koma ɗaki shi kaɗai.

YADDA WAƊANSU SUKA YI

Wannan matsala ba mu kaɗai ta sama ba. Turawa suna da wani wasa da dattawansu suka fi so, watau mirgina ƙwallo a kan ciyawa. Ƙwallon ba a daidaita gefensa biyu ba, saboda haka ba ya tafiya sak, sai ya karkata. Gwani shi ne wanda ya kai nasa kusa da wani ɗan ƙaramin ƙwallo da aka ajiye can gaba. Tsawon filin yakan kama daga mita 31 zuwa 40. A Sawusamtan ta Ingila akwai filin da ake wannan wasa a kansa tun 1299, kuma yana cikin wasannin ƙasashe rainon Ingila tun karon farko a 1930.

Da wasan ya kafu a Ostareliya, ƙasar da ke sahun gaba a duniya wajen ciwon dajin fata saboda ƙarfin rana, sai ƙungiyoyi da dama suka rufe filayensu da rumfar yadi mai kauri, wadda ake ɗaurewa tam a kan ƙarafa. Da yake ciyawa ba ta rayuwa sosai in ba rana, sai a shimfiɗa ta roba a ƙarƙashi. Ta haka tsofaffi ke wasansu ko da tsakar rana, ko ana ruwa.

Alhazanmu ma sun ga irin wannan aiki da idonsu. Zangon alhazai na filin jirgin Jidda, wanda aka buɗe a 1981, rufinsa tantuna ne 210 na wani yadi da aka saƙa da zaren gilas. A Mina kuwa, bayan gobarar 1997 da ta ci mutum fiye da 300, aka sake tantuna da yadin da wuta ba ta kamawa. A harabar Masallacin Madina akwai manyan laimomi 250 da aka gama kafawa a 2010, suna buɗewa suna rufewa da na'ura.

KAFIN A KAFA DIRKA

Ba wanda ya ce mu yi ta Madina a Mayo Gwoi ko Magami. Amma da yawa daga cikinmu mukan aika kuɗi gida a yi rumfa a ƙofar masallaci, ko makarantar allo, ko majalisar unguwa. Abin baƙin ciki, wata rumfar ba ta ganin damina biyu. Ga abubuwan da ya kamata mai aika kuɗi ya tambaya.

Na farko, wane irin rufi? Rumfar zana da kara ta kakanninmu tana da sanyi domin iska na ratsa ta, illarta gara da wuta. Kwano yana daɗewa, amma in an yi shi ƙasa-ƙasa sai ya zama tanda. Tamfol mai araha irin na kanofin biki ba a yi shi don zaman dindindin ba, rana na cinye shi ya kekkece. Akwai yadin raga na roba mai tare yawancin rana ya bar iska ta wuce, sai dai ba ya tare ruwa. Akwai kuma mai kauri da ke tare duka biyu, shi ya fi tsada. Araha dai ba ta ado.

Na biyu, kada a shimfiɗa yadi a kwance kamar tabarma. Ruwa lita ɗaya kilo ɗaya ne. In ya taru a tsakiya sai yadin ya yi ciki, ya ja ƙarafa su lanƙwashe. Dabarar masu sana'ar ita ce a ɗaga kusurwa biyu masu kallon juna, a sauke sauran biyun, a ja shi ya ɗame. Ta haka ruwa ke zurarewa, iska kuma ba ta samun abin kaɗawa.

Na uku, iska. Hadarin farkon damina daga gabas yake tasowa da ƙarfi, kuma ba danne rumfa yake yi ba, ɗaga ta yake yi sama. Saboda haka a haƙa rami mai zurfi, a dasa ƙarfe mai kauri cikin kankare, a shafa masa fenti don tsatsa. Rumfar da iska ta tumɓuke tana iya faɗa wa yaro ko wayar lantarki.

Na huɗu, a lura da inda rana take faɗuwa. 'Yan dara bayan La'asar suke zama, lokacin da rana ta karkata yamma tana shigowa ta gefe. In ba a tare wannan gefe da zana ko raga ba, sai a yi inuwar giginya, na nesa ka sha. A kuma ɗaga rufin sama sosai don zafi ya sami hanyar fita.

Daga ƙarshe, 'yan'uwa, ran da aka kafa dirka a dasa darbejiya biyu ko uku a gefen yamma, a kewaye su saboda awaki, a sa yaran unguwa ban ruwa. Yadi komai kyansa yana da ranar mutuwa, itace kuwa kullum ƙara faɗi yake yi. In kuɗin Sallah ya tashi tafiya gida bana, a tuna da dattawan da muka baro a rana. Allah Ya sa mu koma mu tarar da su lafiya, amin.