Kowala da Yula

A tsibirin Phillip da ke kudu da Melbourne a Ostiraliya, akwai maƙwabta biyu da halinsu ya sha bamban. Kowala, wata dabbar ƙasar, yana maƙale a reshen itacen turare, barcinsa kan kai awa 20 a rana. Yula kuwa, kamar yadda 'yan asalin Tasmaniya ke kiran wani tsuntsun teku, nauyinsa rabin kilo ne da 'yan kai, amma yakan taso daga tekun Alaska, ya ci kilomita wajen 15,000, ya sauka nan a ƙarshen Satumba.

Masu kiran kowala rago ba su yi masa adalci ba. Abincin wani gubar wani: ganyen turare na da dafi, ga ƙarancin amfani a jiki, sai hanta mai ƙarfi da dogon hanji ke iya masa. Mai irin wannan cima dole ya tattala ƙarfinsa. Ana haifar ɗansa kamar ƙwayar wake, ba gashi ba ido, ya rarrafa da kansa ya shige jakar da ke cikin uwar. Bayan wata shida sai ta fara ba shi wani kashi mai laushi, wanda ke sa masa ƙwayoyin narkar da ganyen. A tatsuniyar mutanen jihar Victoria na asali, kowala maraya ne da aka hana ruwa, ya kwashe ƙoren garin ya haye bishiya.

Zama wuri ɗaya tsautsayi, in ji kifi, kuma kowala ya gani a gobarar dajin da aka yi a ƙasar daga 2019 zuwa 2020. In wuta ta taso, sama yake ƙara hawa. A 2022 gwamnati ta sa na gabashin ƙasar cikin dabbobin da ake fargabar ƙarewarsu.

Sai dai yula ma ba ɗan yawon banza ba ne. Kusan kowace shekara rami guda yake komawa, da abokin zama guda, su yi ƙwai ɗaya tak. A Afrilu iyayen kan tafi su bar ɗan a rami. Bayan mako biyu zuwa uku ya fito da dare ba jagora, hasken fitilu ya ruɗe shi, ya faɗo kan kwalta. Shi ya sa a waɗannan darare ake kashe fitilun gadar San Remo da ake bi a shiga tsibirin, ma'aikata da 'yan sa kai suna bin titi suna tsince waɗanda suka faɗo.