Sakin Auren da Ba a Ɗaura Ba

A 1996 aka sayar da Hadizatu Mani, tana 'yar shekara 12, a kan sefa 240,000. Mai sayen wani Alhaji ne na ƙasar Ƙonni a Nijar, mai mata huɗu. Irinta ake kira wahaya: ba sadaki, ba waliyyi, ba shaidu, sai aikin gida da na gona, da shimfiɗar maigida duk sa'ad da ya ga dama. Shekara tara ta yi a haka, har da haihuwa.

Da Nijar ta mai da bauta laifi a 2003, sai gaban Alhaji ya faɗi. A watan Agusta na 2005 ya ba ta takardar 'yanci. Ta ɗaura ɗan ƙunshinta za ta tafi, ya ce ina, ai matarsa ce!

Mai neman a raba auren rajista a Najeriya, dokar 1970 ta ce sai ya nuna wa Babbar Kotu auren ya lalace ba gyara, misali ta zina, ko yasarwar shekara guda, ko zaman rabuwa na shekara uku. Ita kuwa Hadizatu me za ta nuna? Auren ma ba a ɗaura ba. Da ta kai ƙara, haka kotun farko ta Ƙonni ta yanke a Maris na 2006, ta ce ta kama gabanta. Kotun da ke sama ta rushe hukuncin, wai a al'ada da zarar an 'yanta baiwa ta zama matar ubangidanta.

Shari'a na ta kai da kawo, Hadizatu ta auri wanda take so. Alhaji ya kai ƙarar aure kan aure. A Afrilu na 2007 kotu ta raba ta da Alhaji, har da sa mata iddar wata uku. A Mayu aka yanke mata ɗaurin wata shida, ita da angon da ɗan'uwanta. Wata biyu ta yi a kurkuku.

Ƙungiyar Timidria ce ta tsaya mata har gaban kotun ECOWAS. Ranar 27 ga Oktoba, 2008, kotun ta ce baiwa aka mai da ita, kuma alƙalan Nijar sun gani sun kau da kai. Ta umarci gwamnati ta biya ta diyyar sefa miliyan 10.