Sao Tome da Principe: Maƙwabciyar da ta shekara ashirin tana jiran man fetur

A Abuja akwai wata hukuma da ma'aikatan tarayya da yawa ba su san da zamanta ba, ita ce hukumar haɗin gwiwa da ke kula da yankin teku na tarayya tsakanin Najeriya da Sao Tome da Principe. An kafa ta ne bisa yarjejeniyar da ƙasashen biyu suka sanya wa hannu a watan Fabrairun 2001, bayan sun kasa daidaitawa a kan iyakarsu ta ruwa. Maimakon shata iyaka, sai suka amince su raba duk arzikin da aka samu a wurin, Najeriya ta ɗauki kashi 60 cikin ɗari, Sao Tome kashi 40. Har yanzu ba a fara haƙo man sayarwa daga yankin ba. Ga Najeriya wannan fayil ne guda cikin dubbai. Ga Sao Tome kuwa, shi ne abin da ta ɗora wa buri tsawon shekaru.

Ƙasar tsibirai biyu ce manya da wasu ƙanana a Mashigin Tekun Gini, kimanin kilomita 250 daga gaɓar Gabon. Faɗinta duka kusan murabba'in kilomita 1,000 ne, wato Babban Birnin Tarayya ya ninka ta wajen sau bakwai, kuma a Afirka Seychelles ce kaɗai ta fi ta ƙanƙanta. Mutanenta sun ɗan haura 200,000, adadin da ƙaramar hukuma guda a birnin Kano ta wuce shi. Tsibiran ragowar duwatsu ne masu aman wuta, jeri ɗaya da Bioko da Dutsen Kamaru, kuma ƙololuwar Sao Tome ta kai mita 2,024. Layin ikwaita ya ratsa ta wani ɗan tsibiri mai suna Rolas a kudu. Ƙasar noma mai ƙarfi da ruwan sama mai yawa su ne arzikin wurin, su ne kuma suka jawo masa wahala.

Babu kowa a tsibiran sa'ad da matuƙan jiragen ruwan Fotugal suka iso wajajen 1470. Zama na sosai ya soma ne a 1493 a ƙarƙashin Alvaro de Caminha. Da yake zazzaɓi na kashe Turawa, ba mai zuwa da son ransa, don haka sarkin Fotugal ya tura fursunoni da yaran Yahudawa da aka raba da iyayensu. Aikin gona kuwa bayi aka ɗora wa, kuma na farkonsu daga masarautar Benin da rafukan Neja Delta aka sayo su, kafin daga baya a koma Kongo da Angola. Masana harshe suna ganin sawun harshen Edo a cikin Forro, harshen da mutanen Sao Tome ke yi a gida. Ashe dangantakar ƙasar da Najeriya ta girmi yarjejeniyar 2001 da shekara ɗari biyar.

Rake aka fara shukawa. Zuwa tsakiyar ƙarni na 16 tsibirin ya shiga sahun gaba wajen sayar wa Turai sukari, ya kuma zama zangon da ake tara bayi kafin a wuce da su Elmina ko nahiyar Amurka. Tsarin manyan gonakin bayi da ya mamaye Burazil daga baya, a nan aka fara gwada shi a ƙasa mai zafi. Bai ɗore ba. Sukarin Burazil ya fi inganci, ya ƙwace kasuwa. A 1595 wani bawa mai suna Amador ya jagoranci tawayen da ya ƙone matatun rake masu yawa kafin a kama shi a kashe. A yau gwarzon ƙasa ne, an kuma sa hotonsa a takardun kuɗinsu, dobra.

Bayan dogon koma-baya, gahawa da koko suka iso daga Burazil a farkon ƙarni na 19. Zuwa 1908 wannan 'yar ƙasa ta fi kowace ƙasa a duniya samar da koko. An haramta bauta a 1876, amma abin da ya maye gurbinta sauyin suna ne kawai: ana kwaso 'yan ƙodago daga Angola, daga baya Cape Verde da Mozambik, da takardar kwantiragi, akasarin na farkon ba su sake ganin gida ba. Da labarin ya bazu a Ingila, kamfanin Cadbury da wasu masu yin cakulan suka daina sayen kokon tsibirin a 1909. Manoman Gold Coast da na yammacin Najeriya, masu ƙananan gonakin kansu, su suka gaji kasuwar.

An sami 'yanci ranar 12 ga Yuli, 1975, Manuel Pinto da Costa ya zama shugaba, gwamnati ta karɓe gonakin. Turawan da ke gudanar da su suka tafi, amfanin ya faɗi, bai kuma koma yadda yake ba. A yau koko da manja su ne manyan abubuwan da ake fitarwa, sai ɗan yawon buɗe ido da kamun kifi. Abinci da yawa daga waje yake zuwa, lantarki ya dogara da man dizal na shigo da shi, kasafin kuɗi kuma ba ya tsayawa sai da agaji. Tun 2010 darajar dobra a ɗaure take da yuro.

Wannan ne ya sa labarin mai ya girgiza siyasar ƙasar tun kafin a ga ɗigonsa. A watan Yulin 2003, Shugaba Fradique de Menezes yana halartar taro a Abuja sojoji suka ƙwace mulki, suna kukan talauci da fargabar yadda za a raba kuɗin man. Mako guda aka yi ana sulhu, sannan Shugaba Olusegun Obasanjo ya raka shi gida da kansa. Kamfanin Chevron da abokan hulɗarsa sun biya dala miliyan 123 kuɗin sa hannu a kan rukuni na ɗaya, suka haƙa rijiyar gwaji a 2006. An tarar da mai, amma bai kai yawan da zai mayar da kuɗin haƙowa ba, kuma manyan kamfanonin suka janye ɗaya bayan ɗaya.

Wa'adin yarjejeniyar shekara 45 ne. An riga an cinye fiye da rabinsa, hukumar kuma tana nan a Abuja.