Abin da ya kamata ku sani game da masu zuhudun Kirista da tarbiyyar zuciya

Wajajen shekara ta 270 Miladiyya, wani saurayi ɗan masu hali a ƙasar Masar mai suna Antoniyos ya rabar da gonakin da ya gada, ya koma zama a bayan gari, daga bisani ya nausa cikin hamada. Kafin rasuwarsa a 356, dubban maza da mata sun bi sahunsa. Da yawa sun tare a kwarin Wadi Natrun, tsakanin Alƙahira da Iskandariya, inda har yau ruhubanawan Kibɗawa ke zaune a manyan gidajen ibada huɗu. Waɗancan masu zuhudu na farko ake kira Iyayen Hamada, kuma kaso mai yawa na koyarwar Kirista kan addu'a da gyaran zuciya daga wajensu ya samo tushe.

Addu'arsu ba doguwa ba ce. Mutum yana zaune a ɗakinsa, hannunsa na tufkar igiya ko saƙar kwando da ganyen dabino, bakinsa na maimaita aya guda daga Zabura. A ganinsu yawan kalmomi kan raba hankali, alhali abin da ake nema shi ne zuciya ta tsaya gaban Allah. Daga wannan ɗabi'a aka samu gajeriyar addu'ar neman jinƙai da sunan Yesu, wadda ruhubanawan dutsen Atos na ƙasar Girka ke maimaitawa har yanzu, suna ƙirge da igiyar ulu mai ƙulle-ƙulle. Duk wanda ya san halwa da zikiri a wajen Sufaye zai ga kama a nan, ko da yake aƙida daban take.

To, wanda ya keɓe ya yi shiru, me yake tararwa? Amsarsu ba ta da daɗi: kansa yake tararwa. Ibagiriyos, wani malami da ya rasu a hamadar Masar a 399, ya lissafa tunani takwas da ke yi wa mai ibada kwanton ɓauna: haɗamar abinci, sha'awa, son dukiya, baƙin ciki, fushi, kasalar zuciya, son yabo da girman kai. Inda ya fi nuna ƙwarewa, a ganina, shi ne bayaninsa kan kasalar zuciya. Da tsakar rana takan zo. Mutum ya riƙa leƙen rana yana ganin kamar ba ta motsi, ya tsani ɗakinsa, ya tsani aikinsa, ya fara raya cewa da a wani wuri yake da ya fi bauta wa Allah. Maganin da Ibagiriyos ya bayar shi ne a daure a zauna, a ci gaba da aikin hannu, kada a yanke shawarar ƙaura a wannan hali. Wani mai zuhudu, Yohanna Kasiyan, ya kai wannan koyarwa kudancin Faransa a farkon ƙarni na 5, daga nan ta bazu a Turai.

Ma'aunin Iyayen Hamada na ci gaban mai ibada shi ne tawali'u. Yawan azumi ko ganin wahayi ba sa burge su, don sun san girman kai na iya ɓuya a cikinsu. Ana ba da labarin Abba Musa, baƙin mutum da ya taɓa zama shugaban 'yan fashi kafin ya tuba. An kira shi zaman hukunta wani ɗan'uwa da ya yi laifi, sai ya taho goye da kwando mai huji cike da yashi, yashin na zuba a bayansa. Da aka tambaye shi dalili, ya nuna musu cewa nasa zunuban haka suke bin sa ba ya ganinsu, ga shi kuma an ce ya zo ya hukunta wani. Nan take aka yafe wa mai laifin.

Batun wahala shi ne aka fi yi wa gurguwar fahimta. Wanda ya fi zurfafa a kansa shi ne Yohanna na Giciye, ɗan ƙasar Sifen, abokin aikin wata mai zuhudu, Tareza ta Abila. A watan Disamba na 1577, 'yan ƙungiyarsa ta ruhubanawan Karmel masu adawa da gyaran da yake yi wa ƙungiyar suka kama shi, suka kulle a wani ƙuntataccen ɗaki a birnin Toledo, ana yi masa bulala, har ya tsere a watan Agusta na 1578. Bayan haka ya yi rubutu kan abin da ya kira duhun dare na ruhi: lokacin da mai addu'a ke daina jin zaƙin ibada, ya ji kamar an juya masa baya. Yohanna ya kwatanta wannan da yaye. Uwa kan shafa maɗaci a nono don yaro ya saki, ba don ta daina son sa ba. Haka Allah ke janye zaƙin, domin bawa ya so Shi don zatinsa, ba don daɗin da yake ji ba.

Akwai wani abu da ya kamata a riƙe da kyau, domin rashin saninsa na cutar da mutane. Yohanna bai ce kowane ƙunci alamar kusanci da Allah ba ne. Ya yarda bushewar zuciya na iya zuwa daga sakaci ko daga rashin lafiya, har ya ba da alamomin rarrabewa. Na farko, mutum ba ya jin daɗin abin ibada, ba ya kuma jin na abin duniya. Na biyu, duk da haka hankalinsa na kan Allah, yana damuwa ko ya gaza wajen bauta. Na uku, tsohuwar hanyar da ya saba yin tunani da ita a cikin addu'a ta daina yi masa aiki. Sai ukun sun haɗu yake ba da shawarar mutum ya daina tilasta wa kansa tunani, ya zauna cikin natsuwa da ƙauna. Wanda kuwa baƙin ciki ya hana shi ci da barci, likita yake buƙata, kuma mai yi masa jagora a ibada shi ya kamata ya fara faɗa masa haka.