Asali da Ma'anar Sunayen Yara a Wajen Al'ummomin Slav

Al'ummomin Slav su ne mazauna gabashin Turai da wani ɓangare na tsakiyarta, wato Rashawa da mutanen Yukren da Folan da Cek da Sabiya da Bulgeriya da makamantansu. Harsunansu duk tushe ɗaya suka fito, shi ya sa sunayensu kan yi kama da juna. Masana ilimin harsuna sun lura cewa idan aka warware waɗannan sunaye, za a tarar da sawun kowane zamani da al'ummar ta ratsa.

Sunaye mafi daɗewa harɗaɗɗu ne, an gina su daga kalmomi biyu, kuma fata suke ɗauke da shi. Kalmar "slava" na nufin ɗaukaka, "mir" kuwa zaman lafiya, don haka Miroslav ya haɗa ma'anonin biyu. Ludmila na nufin abar ƙaunar jama'a, Bogdan kuma wanda Allah ya bayar. Vladimir ya fara ne da kalmar mulki, amma masana da dama na ganin ƙarshensa asali girma yake nufi, sai daga baya jama'a suka alaƙanta shi da zaman lafiya saboda kamannin lafazi.

Akwai kuma sunayen da tsoro ya haifar. A zamanin da mutuwar jarirai ta yi yawa, iyaye kan raɗa wa yaro suna maras daɗi, kamar Nekras, wato mummuna, domin miyagun iskoki su kau da kai daga gare shi. A Sabiya kuwa Vuk ake sa wa yaro, ma'ana kyarkeci, bisa imanin cewa mayu ba sa kusantar wannan dabba. Haka ta faru da Vuk Karadzic, wanda aka haifa a 1787 bayan iyayensa sun binne 'ya'ya da dama. Ya rayu har 1864, kuma shi ne ya daidaita rubutun harshen Sabiya na zamani. Wannan dabara ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe, domin dalilin sunan Ajuji ke nan a wajen uwa mai wabi.

Zuwan addinin Kirista ya sauya al'amarin. Sarkin Folan, Mieszko, ya karɓi addinin a 966, Vladimir sarkin Kiyef ya bi sahu a 988, aka ba shi sunan baftisma Vasili. Daga nan limamai suka riƙa zaɓar wa jarirai suna daga jerin waliyyan coci, galibi na Girkanci da Ibrananci. Ivan, wanda ake ɗauka Barashe ne tsantsa, daga Yohanan na Ibrananci ya fito, wato Yahaya ke nan. Tsawon ƙarnoni mutum kan riƙe suna biyu, na coci da na gida. Tsofaffin sunayen da suka fi tsira su ne waɗanda masu su suka zama waliyyai, irin su Vladimir da Ludmila. Wasu kuma fassara aka yi daga Girkanci: Vera imani, Nadezhda fata, Lyubov ƙauna.

Ba duk baƙin sunaye ne suka shigo ta coci ba. Olga da Oleg da Igor sun samo asali ne daga Helga da Helgi da Ingvar na mutanen arewacin Turai, waɗanda zuriyarsu ta mulki Kiyef. Svetlana kuwa marubuta ne suka ƙago shi daga kalmar haske a farkon ƙarni na 19.

Siyasa ma ta bar nata tabo. Bayan juyin juya halin 1917 a Rasha, wasu iyaye sun guje wa sunayen coci, suka ƙirƙiro Vladlen daga Vladimir Lenin, da Ninel, wato Lenin idan aka karanta shi daga ƙarshe. Yawancinsu sun dushe tun kafin rushewar Tarayyar Sobiyet a 1991, alhali Ivan da Miroslav da Vera har yau ana raɗa wa jarirai su.