Muryar Shata Tana Nan, Amma Su Wane Ne Ke Yi Masa Amshi?

Ran Juma'a 18 ga watan Yunin 1999 ne Allah ya yi wa Alhaji Dakta Mamman Shata rasuwa a Kano, aka kai shi Daura aka yi masa sutura, amma har yanzu muryarsa ba ta bar garuruwan Kankiya da Kusada ba. Duk wanda ya tsaya a tashar mota, ko teburin mai shayi, ko shagon tela a wannan yanki, da wuya ya daɗe bai ji kalangu ya tashi daga wata rediyo ko wayar hannu ba. Da yawa daga cikin waƙoƙin da ake saurare an ɗauke su ne a fagen wasa, watau wurin biki ko naɗin sarauta ko hawan salla, inda ake jin guɗa da hayaniyar jama'a tare da kiɗan.

Sai dai idan aka tambayi mai sauraro a wace shekara aka ɗauki waƙar, ko a wane gari, ko kuwa su wane ne makaɗan da ke bayan Shata a wannan rana, galibi ba a samun amsa. Mawaƙin da ya shafe fiye da shekara hamsin yana waƙa ba zai yiwu a ce mutanen da ya fara da su su ne ya ƙare da su ba. Wasu sun tsufa, wasu sun rasu, wasu sun koma gona ko kasuwa, waɗansu suka maye gurbinsu. Dukkansu muryoyinsu da hannuwansu suna cikin waɗannan kaset-kaset, amma ba a rubuta sunayensu a jiki ba.

Dangantakar Shata Da Ƙasar Kankiya

An haifi Shata a Musawa cikin shekarar 1923. Mahaifinsa, Malam Ibrahim Yaro, bai so ɗansa ya zama mawaƙi ba, saboda haka ya fara da tallan goro da alewa kafin waƙa ta rinjaye shi. Ya zauna a Bakori, sa'an nan sunansa ya game ƙasar Hausa bayan bikin 'ya'yan sarki da aka yi a Kano cikin 1952. Daga 1960 ya mai da Funtuwa mazauninsa.

Duk da haka bai yanke hulɗa da ƙasar haihuwarsa ba. Bayan gyaran ƙananan hukumomi na 1976, lokacin da Musawa take ƙarƙashin Ƙaramar Hukumar Kankiya ta tsohuwar Jihar Kaduna, an zaɓe shi kansila a majalisar wannan ƙaramar hukuma. Don haka mutanen Kankiya da maƙwabtansu na Kusada suna da hakkin su ce Shata nasu ne, kuma nauyin kula da abin da ya bari ya hau kansu kamar yadda ya hau kan mutanen Musawa da Funtuwa da Daura.

Aikin 'Yan Amshi

Masana waƙar baka, irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero, sun bayyana cewa waƙar makaɗan Hausa tana da gindi da ɗiya. Gindi shi ne abin da ake maimaitawa, ɗiya kuwa su ne baitocin da jagora yake jerowa. 'Yan amshi su ke riƙe gindin, su ba jagora sararin numfasawa da tunanin abin da zai faɗa gaba.

A wurin Shata wannan aiki ya fi nauyi, domin an san shi da ƙirƙirar waƙa nan take a gaban jama'a. Da zarar ya yanko gindi, wajibi ne mutanensa su cafke shi ba tare da an koya musu a gida ba, kuma sau da yawa masu kaɗa kalangun su ne masu amshin. Shi kuwa kalangu ganga ce mai magana, wadda ake matse tsarkiyarta a hammata domin a ɗaga sauti ko a saukar da shi, kuma kowane makaɗi da irin hannunsa. Saboda haka idan makaɗi ɗaya ya tafi wani ya zo, kunnen da ya saba yakan ji bambanci a saurin kiɗa, da kaurin amshi, da yadda ake tarbar muryar jagora.

Babu inda wannan ya fi fitowa fili kamar a Bakandamiya, waƙar da Shata yake yi wa kansa kirari a cikinta. Ya yi ta sau da dama a wurare dabam-dabam cikin shekaru masu yawa, yana ƙara wasu ɗiya yana barin wasu. Wanda ya jera ire-irenta ya saurara ɗaya bayan ɗaya zai ji muryar saurayi tana komawa ta dattijo, zai kuma ji ƙungiyar da ke bayansa tana sauyawa.

Sauyin mutane a ƙungiyar kiɗa tsohon abu ne a ƙasar Hausa. Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu cikin 1991, ya tashi ne a ƙungiyar mahaifinsa Usman Ɗankwanda, ya zama daudun kiɗi a ƙarƙashin wansa Abdu Kurna, kafin ya zama jagora da kansa. A irin wannan gida na gado ana iya bin sawun wanda ya gaji wani. Shata kuwa haye ya yi, bai gaji waƙa ba, mutanensa daga wurare dabam-dabam ya tara su, shi ya sa bin tarihinsu ya fi wuya.

Yadda Ake Yi A Wasu Ƙasashe

Misalin wata ƙungiyar mawaƙa ta baƙaƙen fatar Amurka zai taimaka wajen gane abin da ake asara. Ƙungiyar The Temptations ta birnin Detroit, wadda kamfanin Motown yake buga wa faifai, mutum biyar ne. Cikin watan Oktoban 1966 aka ɗauki wasansu a wani gidan rawa mai suna Roostertail, aka fitar da faifan a 1967, lokacin David Ruffin yana cikin masu jan waƙa. A tsakiyar 1968 aka sallami Ruffin, Dennis Edwards ya maye gurbinsa, kuma kafin shekarar ta ƙare aka fitar da wani faifan na wasan da suka yi a gidan rawa na Copacabana da ke New York. A 1971 Eddie Kendricks da Paul Williams suka bar ƙungiyar, Damon Harris da Richard Street suka shigo, aka kuma ɗauki wasansu a ƙasar Japan cikin 1973.

Har yau masu sha'awar wannan ƙungiya suna gardama a kan wane zubi ya fi daɗi, na Ruffin ko na Edwards, kuma gardamar tana yiwuwa ne domin an san ranar kowane wasa, da wurinsa, da sunan kowane mutum da ya buɗe baki a cikinsa. Mutanen Shata sun yi aikin da bai gaza wannan ba, amma ba su sami wannan gata ba.

Daga Garmaho Zuwa Wayar Hannu

Tsohon faifan garmaho ba ya ɗaukar fiye da kamar minti uku a kowace fuska, saboda haka dole mawaƙi ya datse waƙarsa. Babban faifai da ya zo daga baya yana ɗaukar kamar minti ashirin. Waƙar fage kuwa ba ta da iyaka sai inda jagora ya ga dama. Gidan rediyon Kaduna, wanda aka kafa a 1962, da sauran gidajen rediyo da talabijin na Arewa sun ɗauki Shata a faifan naɗi. Amma abin da ya kai waƙar fage kowane ƙauye shi ne kaset, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, ya kuma yaɗu a ƙasar nan cikin shekarun 1970. Daga nan duk mai rikoda yana iya ajiye ta a gefen fage ya ɗauka, sa'an nan masu sayar da kaset su yi ta kwafa.

Kowane kwafi yana rage ingancin sauti, zafi da ƙura da damshin damina kuma suna cinye zaren kaset. Yanzu an juye da yawa daga cikinsu zuwa katin waya da intanet, abin da ya tsirar da sautin, amma ɗan bayanin da mai kaset ya rubuta da biro a jikin kwali bai bi shi ba. Akan tarar da waƙa ɗaya da suna biyu ko uku, ko a haɗe rabin wasan wani gari da rabin na wani.

Ana Iya Gano Shekarun

Duk da haka aikin bai gagara ba, domin waƙar fage tana ɗauke da shaidunta. Sanƙira yakan yi shelar kyautar da aka bayar. Idan ya ambaci fam da sule, akwai alamar kafin 1 ga Janairun 1973 ne, ranar da naira da kwabo suka fara aiki, ko da yake sai an yi hattara, don mutane sun daɗe suna kiran naira biyu fam guda. Idan aka ambaci Jihar Arewa ta Tsakiya, to tsakanin 1967 da 1976 ne. Idan aka ce Jihar Katsina, bayan watan Satumban 1987 ne. Idan ana gaishe da Sarkin Katsina Usman Nagogo a kan gado, wasan bai wuce 1981 ba, shekarar da Alhaji Muhammadu Kabir Usman ya gaje shi. Idan kuma Muhammadu Bashar ya riga ya zama Sarkin Daura, daga 1966 ne zuwa sama. Haka nan kiran Shata da laƙabin Dakta ya biyo bayan digirin girmamawa da Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi a 1988.

Akwai kuma harsashin da aka riga aka aza. Farfesa Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan Shata a Jami'ar Indiana ta Amurka cikin 1975. A 2006 Ibrahim Sheme da Yusuf Tijjani Albasu da Aliyu Ibrahim Ƙanƙara da Ali Malami suka wallafa littafin tarihinsa mai suna Shata Ikon Allah. Abin da ya rage shi ne a haɗa irin wannan bincike da sautin kansa, ta yadda kowace waƙa za ta tafi da bayaninta.

Aikin Da Ke Jiran Masu Yi

A Kankiya da Kusada da ƙauyukansu akwai dattawan da suka halarci wasannin Shata da idonsu, akwai tsofaffin direbobi da ma'aikata da 'yan kasuwa masu akwatunan kaset a ƙarƙashin gado. Dattijon da ya tsaya a fagen yana iya jin waƙa ya ce bikin wane ne, ya kuma gane mai riƙe da babban kalangu. Idan ya kau, wannan sani ya tafi ke nan, kuma magada ba kasafai suke sanin darajar tsohon kaset ba.

Ya kamata Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina, tare da sassan ilmi na ƙananan hukumomin biyu da fadar Hakimin Kankiya da ta Bebejin Katsina, su yi kira ga masu kaset su kawo aro, a juye, a mayar musu da abinsu. Ɗaliban Hausa na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma, waɗanda kowace shekara suke neman abin da za su rubuta kundi a kai, suna iya ɗaukar kaset goma-goma, su zauna da dattawa, su rubuta gari da shekara da mai biki da sunayen makaɗa. Kayan aikin ba su wuce rikoda mai lafiya da kwamfuta da littafin rajista ba.

Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Shata ya sami lambar girma ta ƙasa da digirin jami'a tun yana raye. Mutanen da suka tsaya a bayansa cikin rana da sanyin dare suna riƙe masa gindin waƙa, mafi ƙarancin abin da ya kamace su shi ne 'ya'yansu da jikokinsu su ga sunayensu a rubuce. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, amin.