Ina Tanko, Ina Kande?

Duk wanda ya tsaya a ƙofar wata makarantar renon yara a Kano ko Zariya lokacin tashi, ya kasa kunne ga sunayen da iyaye ke kira, zai ji Amir da Hanan da Khalifa da Afnan. Da wuya ya ji an kira Tanko ko Kande, balle Ɗan'asabe. Amma in an buɗe takardun haihuwar yaran nan, da yawansu Muhammad ne da Abubakar da A'isha da Fatima, kamar dai kakanninsu. Ashe sunan yanka bai gusa sosai ba. Abin da ya sauya shi ne laƙabi, sunan da ake kiran yaro da shi a tsakar gida, kuma a ganina ba ƙaramin abu muka saki ba.

Bahaushe ya daɗe da suna biyu. Na farko shi ne wanda liman ke raɗawa ranar bakwai, a yanka rago, a raba goro, wanzami ya yi aski. Na biyu kuwa mata ne ke sa shi, galibi kaka ko gwaggo, kuma kunya ce ta haife shi. Uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari. Matar ɗa ba ta ambaton sunan surukinta, don haka idan aka mayar wa jariri sunan kakansa, sai a sakaya da Abba ko Baba ko Maikano, mace kuma Uwani ko Ummi. Inda babu wannan dalili, sai a duba yadda yaron ya zo duniya.

Nan ne hikimar take. Namijin da ya biyo bayan mata shi ne Tanko, macen da ta biyo bayan maza Kande. Wanda ya zo bayan tagwaye Gambo ne, mace ko namiji. Haka Hajiya Gambo Sawaba, jarumar NEPU da ta rasu a 2001, ta samu nata, alhali sunanta na yanka Hajaratu. Wanda aka ce ya wuce watanninsa a ciki Shekarau, wanda aka haifa bayan an fid da rai da haihuwa Tunau, wanda ya rasa uwa yana jinjiri Talle, mai yatsa shida Cindo. Azumi da Tasalla da Sallau sun faɗi watan haihuwarsu, Marka ta zo ana tsakiyar ruwan damina. Sai sunayen rana, daga Ladi da Ɗanladi har Asabe. Marigayi Balarabe Musa, gwamnan Kaduna daga 1979 zuwa 1981, Abdulƙadir ne, amma da sunan Laraba duniya ta san shi. A zamanin da ba a rubuta haihuwa, wannan shi ne rajista. Tsohuwa na jin sunan baƙo ta san yana da yayye mata, ko an daɗe ana jiransa, tun bai zauna ba.

Mafi nauyi a cikinsu su ne sunayen wabi. Macen da 'ya'yanta ke mutuwa ɗaya bayan ɗaya takan kira na gaba Ajuji ko Ayashe ko Bawa, wai a nuna ba a damu da shi ba, ko abin da ke ɗauke su ya kau da kai. Wata kuma roƙo take yi kai tsaye, ta ce Barmani, sunan da mawaƙiyar amada ta Funtuwa, Barmani Coge, ta yi fice da shi. Yau mun san cututtuka irin su zazzaɓin cizon sauro da ƙyanda da sikila ne suka ci da yawa daga cikin yaran. Ba na kewar Ajuji, kuma ba na fatan wata uwa ta sake shiga halin da zai sa ta kira ɗanta da shi. Sai dai wanda ke dariyar sunan ya sani hawayen wata mace ne yake wa dariya.

Wannan ba shi ne sauyi na farko ba. Jerin sarakunan Kano ya fara da Bagauda da Warisi da Gijimasu. Bayan zuwan Wangarawa a zamanin Yaji, a ƙarni na 14, sunayen Musulunci suka riƙa samun gindin zama, har aka kai ga Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Duk da haka tsofaffin ba su kau ba: a Gobir, Bawa Jangwarzo da Nafata da Yunfa ne suka yi mulki gab da jihadin 1804. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ma ya taɓa barin abin da aka saba. Da aka haifa masa tagwaye wajen 1793, namijin ya zama Hassan, macen kuwa bai sa mata sunan tagwaye ba, ya kira ta Asma'u. Su kansu sunayen rana da muke cewa na gargajiya, daga ranakun Larabci aka ciro su, wato su ma sun taɓa zama sabon yayi.

Abin lura shi ne, a wancan karon harshen Hausa ya lanƙwasa abin da ya aro har ya zama nasa. Abubakar ya koma Garba da Habu, Abdullahi Audu, Ibrahim Iro, A'isha Indo da Shatu, Khadija Dije, Hauwa'u Kulu, Maryam Mairo. A Nijar rubutun Faransanci ya adana wannan lafazi, shi ya sa tsohon shugaban ƙasa yake Mahamadou Issoufou, wato Mahamadu Isuhu kamar yadda ake faɗa a ƙauyensu.

Sauyin da muke ciki ya zo ta ƙofofi da yawa. Makarantun Islamiyya da wa'azin da ya ƙarfafa bayan kafa Izala a Jos a 1978 sun koya wa mutane furta suna yadda yake a Larabci, Ummaru ya koma Umar, Isuhu ya koma Yusuf. Aikin Hajji da karatu a ƙasashen Larabawa sun kawo sababbi. Littattafan soyayya tun shekarun 1980, da finafinan Kannywood bayansu, sun yi nasu aikin, kuma nan ne nake da ƙorafi. Jaruma 'yar masu kuɗi ita ce Nabila ko Yasmin, Talatu da Lami kuwa su ne masu wanke-wanke, Tanko shi ne baƙauyen da ake wa dariya. Yarinyar da ta tashi tana kallon haka ba za ta yarda a kira 'yarta Jummai ba. Da haka kalmar "sunan ƙauye" ta shiga bakinmu.

Kunyar dai tana nan, riga kawai ta sake. Wanda a da za a ce wa Abba, yau Walid ne ko Khalifa, Uwani ta zama Walida. Wannan ba laifi. Addini ya yi umarni da kyakkyawan suna, Annabi (SAW) ma ya sauya wa wasu sahabbai sunaye masu mummunar ma'ana. Amma wane muni ke cikin Tanko ko Azumi? Ga shi kuwa ana ɗauko kalma daga waya ko fim don daɗin amonta kawai, ba a tambayi malami ma'anarta ba, wani lokaci ma ba suna ba ce a wurin masu harshen. Tsohon laƙabi labarin yaron yake bayarwa. Sabon ya fi nuna inda iyayen ke so a ɗauka sun kai.

Maƙwabtanmu da suka ari sunayen rana sun fi mu riƙe su. Janar Theophilus Ɗanjuma Bajukune ne daga Takum, Ladi Kwali mai tukwane da ke bayan takardar naira 20 Bagwariya ce, kuma har yanzu a kudancin Kaduna da Filato ana samun yara Kirista masu suna Asabe da Ɗanladi. A wurinmu kuwa takardun makaranta da katin ɗan ƙasa, masu neman sunan dangi, su suka ba tsofaffin laƙubba mafaka. Shekarau na tsohon gwamnan Kano sunan mahaifinsa ne. Haka jikokin Tanko da Gambo za su ci gaba da rubuta su a gurbin ƙarshe na fom, malami yana kiran su da ƙarfi a aji, ko da uwar yaron ba ta taɓa furta sunan surukin nata ba.